Ranar da Na Ba Ɓarawon Kan Gicciye Shebur

Ko da zan manta ranar aurena (matata ta ce na sha mantawa), ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Kakuri ba, ranar da na tsaya gaban ikilisiya cike da jama'a na ce bari in ɗan gyara wa Allah maganarsa.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina aikin akawu a wata masaƙa. A cocinmu kuwa muƙami biyu nake riƙe da su, kowanne ya kumbura mini kai. Na farko, ni ne tafinta. Jama'armu gauraye ce: ga mutanenmu na kudancin Kaduna da aikin masaƙa ya kawo, tsofaffinsu Hausa kawai suke ji bayan yarensu, ga kuma 'yan'uwanmu Ibo, 'yan kasuwa da kanikawa, waɗanda da yawansu sai da Turanci. Saboda haka duk baƙon da ya zo wa'azi da Turanci yake yi, ni kuma in juya. Ina da wata kwat mai ruwan toka da nake sakawa don wannan aiki, ko da zafi zai kashe ni.

Na biyu, ni ne shugaban kwamitin gini. Tsohon cocinmu na ƙasa ne, da damina sai an jera bokitai tsakanin bencina. Muka ƙudura gina sabo da hannunmu, kowace Asabar a fito aikin gayya a buga bulo. Burina shi ne bango ya kai tagogi kafin ruwa ya sauka. Amma jama'a, kun san halinsu. Ranar Lahadi kowa ya ce amin, ranar Asabar kowa ya tashi da ciwon baya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa fashi ba, Baba Kofur. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, ya dawo ya kama gadi a Kakuri. Kafin kowa ya iso ya cika duro biyu da ruwa, kuma shi ne na ƙarshen tafiya. Ba ya hira, ba ya cin ƙosan da matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, ke kawowa. A coci kullum bakin ƙofa yake zama, kuma duk ranar jibin Ubangiji, da ake raba wa masu bi gurasa da ruwan inabi, sai ya sulale waje kafin a iso kansa. Wata rana na tambaye shi dalili, ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Malam Tafinta, hannun nan ya yi abin da ba ya faɗuwa. Bari in ga ko aikin ɗakin Allah zai rage." Ni kuwa, maimakon in ji tausayinsa, sai na ji daɗi na samu ma'aikaci. Har misali nake bayarwa da shi in ina yi wa malalata faɗa.

To, ran nan Fasto ya gayyato wani mai wa'azi daga Sabon Tasha, Oga Chike, Ibo ne, bakanike mai gareji. Tun daga bakin ƙofa na tarye shi da Turanci, irin mai nauyi ɗin nan da na tanada don baƙi. Ban ba shi sarari ya ce komai ba sai "na gode", shi ma da Turanci. Muka hau mumbari, yana dama ina hagu.

Da farko komai lafiya. Ya faɗa, na juya. Sai ya shiga kan maganarsa, ya ce ceto kyauta ce daga Allah, ba a samunta da aiki. Na juya daidai, amma ba da son raina ba. Na hango Danladi tela a benci na uku, mutumin da tun da aka fara gini bai taɓa taɓa shebur ba, yana gyaɗa kai yana murmushi kamar an ba shi takardar hutu daga asibiti. Na ce a raina, shi ke nan, wannan baƙo zai rushe mini gini. In mutanen nan suka ji aiki ba ya ceto, ranar Asabar daga ni sai Baba Kofur.

Sai na fara gyara. Ya ce ba yawan aikinka ne zai cece ka ba, bangaskiya ga Yesu ce. Na ce, "Bangaskiya tana da kyau, amma fa sai ka haɗa da aiki tuƙuru kafin a duba ka." Ya ce ka zo yadda kake, hannu wofi. Na ce, "Kada ka kuskura ka zo gaban Allah hannu wofi." Waɗanda ke jin harsunan biyu suka fara duban juna. Matata, daga cikin matan zumunta, ta zuba mini ido irin wanda na san ma'anarsa. Fasto ya yi tari sau biyu. Shi kansa Oga Chike ya waiwayo ya dube ni, ni kuma na ɗauka saurin fassarata ce ta burge shi (Allah ya shirye ni), sai na ƙara gyara kwat.

Daga nan ya kawo labarin ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu. Ya ce mutumin nan bai yi aikin kirki ko ɗaya ba, ba shi da sauran lokacin yi, ya dai juya ya ba da gaskiya, aka karɓe shi a ranar. Nan ne na zuba gwanintata duka. Na ɗaga murya na ce, "An karɓe shi ne don an ga zuciyarsa ta mai aiki ce. Da Allah ya ja kwanansa, da ranar Asabar da sassafe za ku gan shi a filin gini da shebur a hannu, yana buga bulo!"

Wasu suka ce amin. Wasu 'yan makaranta suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Sai na ga hannu ya tashi daga can bakin ƙofa.

Baba Kofur ne. A cocinmu ba a katse wa'azi, kuma shi mutum ne da ba a taɓa jin muryarsa a taro ba. Ya miƙe da ƙyar, hularsa a hannu, ya ce, "Malam Tafinta, a yi mini haƙuri. Ka tambayar mini baƙon nan. Bulo nawa ne zai isa? In akwai adadi a faɗa mini, don ƙarfina ya fara ƙarewa."

Na san abin da yake tambaya, kuma na san ni na ɗora masa. A nan ya kamata in tuba. Amma mai kwat ba ya tuba da wuri. Na juya wurin Oga Chike na ce masa da Turanci, wai dattijon yana godiya ne, ya ce wa'azin ya yi daɗi.

Oga Chike ya rufe littafinsa a hankali. Ya cire tabarau. Ya dafa kafaɗata, ya buɗe baki, sai ga Hausa tana fitowa, tatacciya, wadda ta fi tawa nesa ba kusa ba.

"Ɗan'uwa, sannu da aiki," in ji shi. "Je ka zauna ka huta. Tun ɗazu wa'azi biyu ake yi a kan mumbari ɗaya, dole ka gaji."

Ya juya ga jama'a ya ce, "A Gusau aka haife ni, a barikin ma'aikatan jirgin ƙasa. Da Hausa na fara kuka." Sannan ya sake dubana, ba da fushi ba, har da ɗan murmushi. "Shi kuma ɓarawon nan da ka ba shebur, hannuwansa biyu a kafe suke da ƙusa. Ban san da me zai riƙe ba."

Dariyar da aka yi, ina jin har masu sayar da rake a bakin titi sun ji. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin takaicin, kujerar tafinta a kan mumbari take, tana fuskantar jama'a. Ni da kaina na sa aka ajiye ta a can don a riƙa ganina. To, an gan ni. Na zauna gumi yana bin bayana cikin kwat, ba inda zan kai idona.

Amma Oga Chike bai tsaya a kaina ba. Ya sauka daga mumbari, ya bi tsakiyar bencina har bakin ƙofa, ya tsaya gaban tsohon.

"Baba, ka ce bulo nawa? Ko ɗaya."

Baba Kofur ya girgiza kai. "Ɗana, ba ka san abin da na yi ba. Kuma a ƙasarku na yi shi."

"Ban sani ba, Baba, kuma ba sai ka faɗa mini ba. Yaƙin nan ya ci mahaifina. Na yi shekaru in na ga mai kaki sai in sauya hanya, ni ma da nawa kayan na zo wurin Yesu. Shi ya san abin da ka yi, ya kuma riga ya mutu dominsa tun ba a haife ka ba. Ko ka gina coci goma ba ka ƙara masa komai ba. Ka yarda da shi?"

"Haka kawai?"

"Haka kawai."

Tsohon ya tsaya yana kallonsa. Sai ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Oga Chike ya durƙusa ya rungume shi, da fararen kayansa. Wata tsohuwa ta ɗauko waƙa, matan zumunta suka amsa, ba wanda ya sake tunawa da ni. Na ji kunyar da ta fi ta dariyar ɗazu. Saƙon da mutumin nan ya yi shekaru yana jira ya iso har cocinsa, ni kuma na tsaya a tsakani na tare shi saboda bango.

A gida matata ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Baban Rahila, ga abinci. Kyauta ne, ba sai ka buga bulo ba."

Washegari da na tashi daga aiki na shiga bas zuwa Sabon Tasha, da zakara a hammata, don in ba da haƙuri. Na tarar da Oga Chike a ƙarƙashin wata tsohuwar Fijo. Ya fito yana goge hannu, ya dubi zakaran, ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam Tafinta, kai fa ba ka ji wa'azin jiya ba. Gafarar ma da zakara ka zo saye?"

Na ce, "Oga, ban san me zan yi ba ne."

Ya ce, "Ba abin da za ka yi. Na yafe tun kana kan kujerar nan kana gumi. Kai wa madam zakaranta. Kuma na gaya wa Fasto, in na sake zuwa kai nake so ka juya mini. Yanzu kam na san za ka faɗi abin da na faɗa."

Na koma gida da zakarana, yana ta yi mini cara a cikin bas. A hanyar nan ne, ina ji, na fara gane wa'azin da na ƙi juyawa.

Ranar Asabar na je filin gini a shirye in yi aiki ni kaɗai. Ba zan yi muku ƙarya ba (na yi wadda ta ishe ni), Danladi tela bai zo ba, har ya aiko a ce mini shi yana ƙarƙashin alheri. Amma sauran sun zo kamar yadda suka saba zuwa, wasu ma da ba a saba gani ba. Wanda ya makara shi ne Baba Kofur. Sai wajen ƙarfe tara ya iso, ya ce barci ne ya kwashe shi, irin wanda rabonsa da shi tun kafin yaƙi. Ya ɗebo ruwa garwa huɗu, da ya gaji ya zauna a inuwa, ya miƙa hannu ya ɗauki ƙosai, yana tsokanar matan zumunta wai gishiri ya yi kaɗan. Ashe mutumin yana da wushirya, ba wanda ya sani.

Na je na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ka yafe mini. Na yi maka ƙarya a ɗakin Allah."

Ya kama hannuna ya ce, "Tashi, ɗana. Da ka juya daidai, da na ce wa'azi ne irin na kullum, na mutanen kirki, ban da irina. Sheburin nan naka ne ya ƙure ni har na tashi na yi tambaya. Ni godiya nake yi maka."

Lahadin jibin Ubangiji da ta biyo baya, bai fita ba. Ya miƙa hannun nan biyu ya karɓa. Ruwa ya sauka bango bai kai tagogi ba, muka ƙara damina guda da bokitai, kuma ba wanda ya mutu. Baba Kofur bai ga an rufa wa sabon cocin kwano ba, amma ya tafi da dariyarsa.

Har yau tsofaffin Kakuri in sun gan ni sai su ce, "Mai Shebur, ina gajiya?" Nakan amsa, don na ci sunan. Na koyi tambayar baƙo harsuna nawa yake ji kafin in buɗe baki. Na kuma koyi abin da ya fi wannan. Na yi shekaru ina tara ayyukan kirki a cocin nan, ina tsammani Allah yana kallo yana jinjina mini. Da ya tashi yin amfani da ɗaya daga cikin ayyukana don ya sauke wa wani bawansa kaya, sai ya tsallake bulo da kwat da Turanci duka, ya ɗauki mafi muni a ciki. Tun daga ranar na daina zuwa gabansa da zakara a hammata.