Jabel ɗin Da Ta Mutu a Kan Taga

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina koyarwa a Arlit, amma ranar da kwalbar jabel ta kunyata ni ta ƙi fita daga raina.

Shekara bakwai ina koyar da shimi, wato kimiyyar sinadarai, a wata kwalej a matsayin ɗan kwantiragi. Babu abin da zai sa a ɗauke ni aiki na dindindin sai sufeto ya zo daga Agadas ya ga darasina. Duk shekara a ce yana tafe, duk shekara hanya ta hana shi. Da aka ce Talata zai iso, wallahi ko murna ban iya yi ba, na gaji da jira.

Darasin da na zaɓa mai sauƙi ne: yadda sinadari ke wargajewa idan ya sha zafi. Misalina jabel, wannan da ake wanki da ita. Zan fara nuna ƙarfinta, in ɗiga ta a kofin ruwa mai jar kala irin ta masu sayar da ƙanƙara, ruwan ya koma fari tas. Sannan in bayyana cewa zafi da rana suna kashe ta, iskar cikinta ta fice, a bar ka da ruwan gishiri. Har na rubuta wannan a allo da kyakkyawan rubutu.

Kwalbar kuwa na saye ta tun farkon shekara, na ajiye a kan tagar ɗakin malamai (ɗakin kwano, taga tana kallon yamma, a Arlit, ku dai ku yi mini shiru). Wata shida tana gasuwa, ni kuma kullum ina wucewa ta gabanta da shayina.

Sufeto ya zauna a baya, farin gemu, idanu jajur saboda hanya. Na ɗaga kofi sama na ce, "Ku zuba ido, yanzu za ku ga abin mamaki."

Na ɗiga. Ja. Na ƙara. Ja. Na tuttule rabin kwalba, na juya da biro. Ruwan nan ko gezau, sai ma ya cika kofin ya zubo mini a wando.

"Ƴan kasuwar nan ba sa tsoron Allah," na ce. "Jabu suka sayar mini."

Sai wata ɗaliba, Hadizatu, wadda babanta ke wanke kakin ma'aikatan ma'adinai, ta ɗaga hannu.

"Musye, ba ita ce ta kan taga ba? Ai ta mutu. Baba ƙarƙashin gado yake ɓoye tashi, ya ce in rana ta gan ta gishiri take komawa."

Sufeto ya taso a hankali, ya shinshina kwalbar, ya nuna allo da haɓa.

"Malam, wa ya rubuta wancan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To karanta mana."

Na karanta da bakina, a gaban yara sittin: zafi da rana suna mayar da jabel ruwan gishiri.

"Rana ta yi maka gwajin kyauta," ya ce. "Da ka ɗaga kwalbar ka ce ga shaida, da na sa maka hannu yanzu. Sai ka ɗora wa ɗan kasuwa."

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya rufe littafinsa ya ce sai wani zuwan.

Shekara biyu ke nan. Har yau ɗan kwantiragi nake, yara kuma Musye Gishiri suke kirana idan na ba da baya. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: kafin in zargi kowa, in juya in karanta abin da na rubuta a allo. Sabuwar kwalbar tana ƙarƙashin gadona tana jiran sufeto. Duk wata sai na buɗe na shinshina, don ban san wanda ƙarfinsa zai riga na wani ƙarewa ba tsakanina da ita.