Kyautar da Na Kai wa Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Balkisa ta zama dakta ba, ko da yake ita da uwarta sun roƙe ni in manta. Amma bari in fara faɗa muku wani abu, ba don yabon kai ba: a duk Hausawan da ke Saint-Denis babu wanda ya kai ni sanin kyautar da ta dace da babban mutum. In za a je gaida surukai, ni ake kira. In za a yi wa wani shugaban buro, wato ofis, ban kwana, ni ake kira. Na taɓa zaɓa wa wani abokina hular da ya ba maigidansa, ba a yi wata ba aka ƙara masa girma (shi ya ce aikinsa ne ya jawo, ku bar shi da bakinsa).

Balkisa 'yar yayata ce, Hajiya Ramatu ta Damagaram, kuma tun da ta zo Faransa aka damƙa mini amanarta. Karatunta a Lyon take yi, can Villeurbanne, a kan dabbobin ruwa masu shayarwa. Ku duba ikon Allah: yarinyar da ta tashi a garin da ake bin layi a bakin famfo, sai ga ta tana karatun dabbobin teku, a garin da shi ma ba shi da teku. Abokan karatunta wasu dofin suke bi, wannan mai kama da kifi da ke tsalle saman teku, wasu waɗannan ƙattin da suka fi motar bas girma. Ita kuwa ta zaɓi na gida, wato ayu. Takan je kogin Kwara wajen Gaya ta ɗebo ruwa a kwalabe, ta kawo labo, ɗakin bincikensu, ta duba, wai daga ruwan kaɗai tana gane ko ayu ya ratsa wurin.

Ta sha yi mini bayani. Sai dai ni ina da wani hali, da na ji kalmar da na sani a cikin magana, to sauran maganar tawa ce. Tana cewa “ayu” sai in karɓe: “Ai ayu, 'yata, ni zan ba ki labarinsa!” Dalili kuwa, ina da kwalbar man ayu da wani aboki ya sayo mini a kasuwar gida shekarun baya, mai sayarwar har da rantsuwa. Da shi nake shafa gwiwata ta hagu, kuma babu wanda ban yi wa tallarsa ba a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Balkisa kaɗai ban taɓa nuna wa ba, saboda man ayu yana da wani suna a wajen mata, ba abin da kawu zai ɗaga wa 'yarsa ba ne. A tunanina dai, yarinyar nan amfanin ayu take bincike, yadda Nasara za su san abin da kakanninmu suka sani tun tuni.

Ana saura 'yan kwanaki ta tsaya gaban farfesoshi ta kare bincikenta, ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, “Kawu, akwai wata farfesa da za ta zo daga Paris, tana cikin masu yi mini tambaya. Tana da gurbin aiki guda ɗaya tak a ƙungiyarta, mu biyu muke nema. In na samu, ni za a tura gida in yi aikin ayu. Don Allah Kawu, ban da dogon jawabi.”

Na ce, “Ni? Yaushe na taɓa yin dogon jawabi?”

Ta ce sai mun zo, muka yi sallama.

Ina ajiye wayar dabara ta zo mini. Farfesar nan, a tunanina, mace ce da ta ƙare rayuwarta a kan ayu, ai babu kyautar da za ta sace zuciyarta kamar man ayu na asali. Na goge kwalbar, na naɗe ta a takarda mai ƙyalli, na ɗaura mata zare ja. Ban faɗa wa matata Mariyama ba, don ita duk wata dabara tawa sai ta nemo mata aibu.

Al'adar nan ita ce, in ɗalibi ya gama kare bincikensa, danginsa ne ke shirya 'yar liyafa a ɗakin da ke kusa. Muka shiga jirgin ƙasa daga Paris da kuloli niƙi-niƙi, dambun zogala da masa da zoɓo, sai ka ce za mu ciyar da rabin Lyon. Muna isa na tsaya jera tebur, ina ba kowa umarni, har Balkisa ta gama jawabinta na farko ban shiga ba. Daga baya na ji cewa a nan ne ta nuna hotunan ayun da aka kashe, da kwalaben mai jere a kasuwa, har wasu suka kawar da kai. Ni lokacin ina gardama da Mariyama a kan inda za a ajiye yaji.

Abin da na tarar tambayoyi ne da lissafi a allo, ban fahimci ko ɗaya ba, amma na yi ta gyaɗa kai. Aka fita shawara, aka dawo, aka ce Balkisa ta zama dakta. Mariyama ta rangaɗa guɗar da ta sa wani tsohon farfesa ya dafe ƙirji.

A wajen liyafa na gane baƙuwar. 'Yar siririya ce mai furfura, da takalmin tafiyar daji, tana cin dambu da cokali kamar mai auna magani. Na gyara babbar rigata, na buga kofi da cokali, na yi jawabi gajere (Mariyama ta ce zoɓo har ya huce, ƙarya take yi). Sannan na zaro kyautar na miƙa da hannu biyu.

Ta kwance, ta ɗaga kwalbar, ta ce mene ne wannan?

Na ce da Faransanci, da ƙarfi yadda na baya za su ji, “Madam, man ayu ne. Na asali, ba gauraye.”

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuma na ɗauka girman kyautar ne ya kashe musu baki. Ta tambaye ni a hankali a ina na samo, su wa ke sayarwa, ta yaya ya shigo ƙasar. Kun san ni da mai sauraro. Na ga ta zuba mini ido, sai labari ya fara tsiro da kansa. Na ce ai maharbin aminina ne. Na ce ƙaton namiji ne, sai da mutum goma suka ja shi. Ban san lokacin da na tsinci kaina a cikin kwalekwalen ba, ina riƙe da zago, mashin nan na masunta, ruwa na dukan ƙirjina. Ni da ko a bahon wanka sai na riƙe gefe.

Sai na ji muryar Balkisa a bayana, da Hausa, ƙasa-ƙasa: “Kawu, don girman Allah ka yi shiru.”

Ta ja ni waje. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Kawu, ayu ƙarewa yake yi. Ɗa ɗaya uwar take haifa, sai ta daɗe ba ta sake ba. Doka ta hana kashe shi, ta hana sayar da mansa, ta hana ɗauko shi a tsallaka iyaka. Duk shekarun nan aikina shi ne a daina abin da ka ce ka yi. Yanzu ka faɗa wa matar da nake neman aiki a wurinta cewa kawuna maharbin ayu ne.”

Na ce, “Ai kin san ƙarya nake yi.”

Ta ce, “Ni na sani. Ita fa?”

Na koma na sami farfesar, na rantse mata ban taɓa ganin ayu ba sai a hoto, ban taɓa shiga kwalekwale ba. Ban taɓa shan wahalar tabbatar wa mutum cewa ni maƙaryaci ne irin ta ranar ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta sa kwalbar a jakarta, ta ce sai an duba abin da ke ciki. Maganar aiki kuwa, ta ce wa Balkisa za ta neme ta.

A jirgin komawa Mariyama ba ta ce mini uffan ba daga Lyon har Paris. Taga kawai take kallo, lokaci-lokaci ta girgiza kai.

Makonni suka wuce babu labari. Na kira Balkisa, sai gaisuwa, “Lafiya lau, Kawu,” shi ke nan. Yaya Ramatu ta kira daga Damagaram ta ce, “Na ba ka amanar yarinya ko na ba ka ta ka harbe ta da zago?” Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ce 'yan duwan ne, wato kwastan. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne in yarinyar nan ta rasa aikin, babu wanda ya hana ta sai bakina. A nan na koyi cewa in yaro yana faɗa maka aikinsa, ka bari ya kai aya, ko da kuwa kai ka yi masa huɗuba ranar suna.

Wata Lahadi da rana sai ga Balkisa a gidanmu, ba sanarwa. Ta zauna, ta sha ruwa, ta gaida Mariyama gaisuwa mai tsawo da gangan, ni ina zaune kamar mai jiran alƙali. Can ta ce ai ita Balkisa farfesar ta miƙa wa kwalbar, ta ce ta duba da kanta, ta kuma rubuto abin da take ganin za a iya yi da irin waɗannan kwalabe. Balkisa ta rubuta cewa a bi kasuwanni a sayo su a auna, a gaya wa jama'a gaskiyar abin da suke saye. Shawarar ta yi wa matar daɗi.

“Na samu aikin, Kawu. Bayan Sallah zan tafi.”

Na miƙe tsaye, na ce, “Allahu akbar! Kun gani ko? Kyautata ce ta...”

Ta ce, “Zauna tukuna, Kawu. Babu ko ɗigon ayu a kwalbarka. Kitsen rago ne da man gyaɗa, sai ɗan turare.”

Na zauna. Na ce, “Amma gwiwata ta yi sauƙi.”

Mariyama, da tun dawowarmu daga Lyon ba ta tanka maganar ba, ta ɗauki faranti ta nufi kicin. Sai da ta kai ƙofa ta juyo ta ce, “Ai Malam da ka yi magana tuntuni. Kowace babbar Sallah sai na zubar da maganin gwiwarka a shara.”