Shayin Suna da Durona na Gas

Warin ruɓaɓɓen nono ne ya tashe ni ranar sunan ɗan yayata a Argungu, kuma ni ce sila.

A makaranta a Birnin Kebbi aka koya mana cewa in an rufe kashin shanu da ruwan wankin ƙoren nono cikin duro, gas na fitowa. Na haɗa wa Inna, wuta ta kama, shuɗiya, siririya, kamar tana numfashi. Nan take na yi alkawari a kanta za a dafa shayin baƙi. Don ta ƙara ƙarfi, na dinga ɗura wa duron tsamin nono bokiti-bokiti, ni a dole mai kyauta. Tsamin ya yi yawa, gas ya ɗauke, wari ya gaje shi.

"Injiniya," in ji Inna, mayafi a hanci, "da wanga wari za mu dafa shayin?"

Na ƙyasta ashana. Wuta ta tashi! Na wuni ina karɓar yabo.

Har yau Injiniya Tsami suke kirana. Sai bayan aurena Inna ta faɗa mini cewa Baba ne ya aro tukunyar gas, ya ɓoye ta bayan zanar tsakar gida, ya sauya tiyo.