Harsashin Araha da Gwanin Harbin Layinmu

Jama'a, ranar Asabar da ta wuce na ɗaga bindiga a gaban abokan aikina, na kanne ido ɗaya, na cije leɓe, na ja kunama. Bindigar ta ce mini "ƙyas", ta yi shiru.

Ga wanda bai san ni ba, gadi nake yi a tashar famfon ruwa ta garinmu, inda ɓarayin wayar tagulla ke kawo ziyara kamar gidan surukansu. Duk shekara ana kwasar mu zuwa filin harbi a gwada mu. Wanda ya ci ya ci gaba da rataya bindigarsa. Wanda ya faɗi a karɓe ta, a miƙa masa kulki da usur, a tura shi gadin wurin ajiye motoci, albashin ma ya rame. Ni kuwa a layinmu an san ni da gwanin harbi. Ni na yaɗa labarin da bakina, amma dai an sani.

To, bana manyanmu, Allah ya ƙara wa tumbinsu faɗi, sun tashi yin tsimi. Mai Girma Sarkin Sayo Kaya ya zo mana da jerin motoci masu baƙin gilashi, ya yi jawabi cewa zamanin almubazzaranci ya wuce, daga yanzu harsashi mai araha za a riƙa ba mu, wanda babu abin da ya raba shi da mai tsada sai kyan kwali. Muka tafa. Aka gasa saniya guda don murnar tsimin da aka yi. Masu tsegumi sun ce kamfanin da ya ci kwangilar safar 'yan makaranta yake kawowa a da, kuma na ƙanin matar wani ne. Ni dai nama na ci.

Mai kula da filin harbin, Mme Dikeledi, mace ce da ban taɓa ganin haƙorinta ba. A nan garin Mme ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Ntate. Da ta ji ƙyas ɗin nan sai ta ce, "Ntate, bar bakinta a gaba, ka jira. Irin wannan wani lokaci sai ya gama shawara yake tashi."

Muka jira, bai tashi ba. Na biyu ya tashi, da hayaƙi kamar an watsa ruwa a garwashi. Na uku ya tashi, amma kwanson ya maƙale a bindigar yana leƙena. Da na ja na gaba, sai na ji wata 'yar ƙara marar kuzari, kamar tsoho ya yi atishawa a cikin bargo. Ina shirin sake ja, ta damƙe mini hannu.

"Cire yatsanka."

Ta zare gidan harsashin, ta zura siririn ƙarfe ta bakin bindigar, ta turo dalmar ta faɗo mini a tafin hannu da ɗuminta. Ashe a rabin hanya ta gaji ta zauna.

"Da ka aiko mata ɗan'uwanta a baya," in ji ta, "da yanzu muna tsintar yatsunka a ciyawa."

Na ƙura wa dalmar ido. Wannan abin fa shi nake ratayawa a ƙugu tun farkon shekara, ina taku kamar mai gari, ina ce wa matata ta kwantar da hankalinta. Na tuna masu gadin Mai Girma, na tambayi kaina ko su ma daga kwalin nan ake ɗebar musu. Wanda ya san amsa ya riƙe abinsa.

Da tsoro ya sake ni, sai baki ya buɗe. Na juya wurin maƙwabcina Ntate Mokhele, wanda ke harbi a layin da ke kusa da nawa, na ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ka gani ko? Haka suke kashe wa mutum suna. Wallahi da harsashin kirki aka ba ni, da sunana zan rubuta a allon harbin can."

"Har da sunan mahaifi?" in ji shi.

"Har da lambar gida."

Mme Dikeledi ta matso kusa da ni. Ta buɗe jakarta, ta ciro nata kwalin, mai tsadar nan da muke gani ta bayan gilashi a shago, ta cika mini bindiga da hannunta. "Bismilla, Ntate. Rubuta."

Jama'a, gaskiya harsashin nan ya san aikinsa. Kowanne ya tashi, ƙara ɗaya, babu gardama. Da aka jawo allona, fes yake kamar ranar da aka buga shi. Aka jawo na Mokhele, sai ga ƙarin huji ɗaya ban da nasa, kuma shi ne mafi kusa da tsakiya.

"Na gode, maƙwabci," in ji shi. "Hannunka yana da kyau, adireshi ne dai ka ɓata."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matata Puleng ta ajiye mini tuwon masara, ta zauna tana kallona.

"Tun yaushe nake ce maka ka yanki tabarau? Ka ce na tsofaffi ne."

"Iska ce ta yi yawa, Mme."

"Ashe duk tsawon lokacin nan tocilarka ce ke gadin tashar."

Abin da ya cece ni shi ne, Mme Dikeledi ta ce ba za ta sake barin kowa ya sa harsashin kwangila a bindiga a filinta ba, don haka an soke jarrabawar kowa sai an kawo sabo. Manyanmu sun karɓi ƙorafi hannu bibbiyu. Sun kafa kwamiti, kwamitin ya tafi wani otal a bakin teku don ya yi nazari cikin natsuwa. Na ji ƙishin-ƙishin cewa sun gano harsashin lafiyarsa ƙalau, mu ne ba mu iya jan kunama cikin ladabi ba.

Na yi shekaru a shafin nan na jarida ina yi musu tsiya kan jan ƙafa. Yau kam, ranku ya daɗe, ku bi a hankali. Mai yanka tabarau ya ce nawa sai ƙarshen wata.