Zaren da Ya Ƙi Allura

"Ya gajiya kuma?" in ji ta, tun ba ta gama hawo matakalar shagon ba.

"Gajiya ai ke kika kawo ta, Tsohuwa. Yau kwananta uku a nan, ta ƙi tafiya."

"To a shimfiɗa mata tabarma. Ni angona na zo dubawa, an ce mini ya rame."

"Wa zai aure ki bai rame ba?"

Kakata ce, wadda ta haifi babana. Tun ina goye take kirana angonta, ni kuma da na yi baki na soma ce mata Tsohuwa, a haka muka tsaya har yau. Ina da mata da 'ya'ya biyu, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma ba ta taɓa gaishe ni ba tare da ta tsokane ni ba, kuma duk ranar da na ƙyale ta ban rama ba sai ta aiko a tambayi ko ba ni da lafiya. Ta laluba da sandarta ta sami kujerar masu jiran ɗinki, ta ture tarin ƙyallayen da ke kai zuwa ƙasa kamar ita za ta share, ta zauna.

Abin da ya kawo ta yana rataye a ƙusa bayan kekena. Farar riga ce ta kakana marigayi. Shi ma ɗinki ya yi har ya bar duniya, amma na hannu, bai taɓa taka keke ba. Ya gama aikin wuyan rigar na ɓangaren hagu, wani reshe mai ganyaye da ke lanƙwasowa zuwa ƙirji, sai ciwon ajali ya kwantar da shi kafin ya taɓa na dama. Shekara goma sha ɗaya rigar na ƙasan akwatinta tare da dunƙulen zaren da ya rage, kore mai duhu, kauri kamar tsinken tsintsiya, wanda shi ya murza abinsa ya rina. Dunƙulen bai fi ƙwan kaza ba, kuma babu irinsa a kasuwa, na zaga na duba.

Ranar Litinin da ta kawo rigar, sau ɗaya ta yi mini magana ba da wasa ba. Ta ce idonta na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce yana bin sahu, yanzu ma sai da hasken rana sosai take gani. Tana so ta ga rigar a gama tun tana iya bambance kore da fari. Daga nan ta koma tsiyarta, ba ta sake tayar da zancen ba. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji, ta hana ni sakat.

Aikin hannu ban iya ba, ita kuma ta ce ba ta yarda bare ya taɓa rigar ba. Sai keke ke nan. Na sayo zare mai kauri irin na kasuwa don gwaji, don ba na kuskura in taɓa nasa. Ya ƙi kafar allura ƙiri-ƙiri. Na sa babbar allura, ya shiga da ƙyar, ya tsattsage kafin ɗinki goma.

"Allura nawa ka karya?" ta tambaya.

"Bakwai."

"Mijina na fari da allura ɗaya ya aurar da 'ya'ya shida."

"Shi ya sa riga ɗaya ta gagare shi shekara goma sha ɗaya."

"Shi mutuwa ce ta hana shi. Kai me ya hana ka?"

"Ke."

Ta yi dariyar nan tata da ba ta da sauti, sai kafaɗu ke rawa. Na jawo ƙyallen gwajina na miƙa mata, na ba ta labarin dabarar da ta faɗo mini jiya da na gaji da zagin allura. Keke zare biyu yake ci, na sama da ke bin allura da na ƙasa da ke naɗe a kwarkwaro cikin ƙoshiya. Na ƙasan ba ruwansa da kafar allura. Sai na naɗa mai kaurin a kwarkwaro, na sassauta ɗan sukurun ƙoshiya don ya sami hanyar fita, na sa siririn zare a sama ya riƙa kama shi. Da farko ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Na ƙara sassautawa har sukurun ya fice ya faɗi, na yi rabin awa a durƙushe ina nemansa cikin ƙyallaye. A karo na shida ne zaren ya kwanta luf. Matsalar ɗaya ce, adon a ƙasa yake fita, don haka dole a kife yadin a yi ɗinkin ta baya, ba ka ganin abin da kake yi sai ka gama ka juyo.

Ta daɗe tana shafa ƙyallen da babban yatsanta.

"Wato za ka kife rigar mijina ka yi ɗinki a makance."

"Haka ne."

"Ni likita ya ce zan makance, kai kuma hassada ta sa ka riga ni."

"Ai zama da ke ne, komai naki sai na ɗauka."

"Kai da ido biyu ma wandon da ka ɗinka wa ubanka ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafar tasa ce haka. Ke kika haife shi."

Ta ce in daina cika baki in sauko da rigar, rana na tafiya. Keke ba ya naɗa irin wannan zare, sai da hannu, kuma in bai naɗu daidai ba ya sarƙe. Na fara naɗa zaren kakana, ta ji yadda nake fizga, ta fizge kwarkwaron ta ce hannuna na mai faskare ne. Ita ta naɗa, a hankali, ba ta ko kallon abin, zaren na bi ta tsakanin yatsunta kamar ya san su.

Zanen kuwa tun safe na yi shi. Na kwafi reshen kakana a takarda, na juya takardar tunda ɓangaren dama ne zan yi, na zana da alli a bayan rigar. Yadin shafi da ya sa a cikin wuyan ya rufe bayan aikinsa, ba abin da zan gwada nawa da shi. Na yi bismillah na taka keken, sannu-sannu. Tsohuwa ta jawo kujerarta ta dawo bayan keken, ta zura hannu ƙarƙashin rigar inda ɗinkin ya riga ya wuce, ta ce tunda angonta makaho ne ita za ta zame masa ɗan jagora.

Ganye biyu na yi ta ce, "Tsaya."

Ba da muryar wasa ta faɗa ba. Na ɗauke ƙafa.

"Ganyensa ƙirji suke kallo. Naka hammata suka nufa."

Na ɗaga rigar na leƙa, gaskiyarta ce. Na juya takarda don ɓangaren dama, na manta ita ma rigar a kife take, ta sake juya zanen. Juyi biyu ya mayar da ni inda na fito. Na ɗauki reza da tsinke na shiga warwara. Tsohon zare ba ya son a taɓa shi sau biyu, duk inda na zaro sai ya fito a sabule kamar auduga. Da na gama, kusan taki guda ya tashi a banza. Ta karɓi guntayen ta dunƙule a tafin hannunta. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ko ganye ne ya zauna kusa da ke sai ya nemi hanyar gudu," na ce, don dai in ji muryarta.

"Goge allin ka sake," in ji ta. "Gudun naka ma a karkace yake."

Na goge na sake. Daga nan aiki ya miƙe, sai dai aiki ne mai cin rai. Kwarkwaro ba ya ɗaukar mai kaurin da yawa, ganye uku ya ƙare, sai in tsaya in jawo jelar zaren ta baya in ƙulle, ta miƙo wani da ta naɗa. Yatsunta na ƙarƙashin rigar suna ba ni labari: nan ya yi tauri, nan na yi gaggawa a lanƙwasa, nan ya kwanta. Mutum biyu suka zo karɓar kayansu, ta sallame su da kanta, ta ce tela na ɗakin amarya. Bayana ya ƙage, wuyana ya sandare, idona ya gaji da kallon farin alli a kan farin yadi. A tsakani ta sanar da ni cewa kakana ya fi ni tsayi, ya fi ni haƙuri, kuma bai taɓa yin nishi a kan aiki ba. Na ce bai yi nishi ba ne don ya san a gida akwai wanda ya fi shi yana jira.

Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya ja baya daga tebur zuwa bakin dokin ƙofa lokacin da ta miƙo kwarkwaro na tara, ta ce shi ne na ƙarshe. Saura ganye uku. Na yi na farko, na yi na biyu, na shiga na uku, sai ƙarar keken ta canza. Duk tela ya san wannan ƙara, ta allura mai huda yadi ba abin kamawa a ƙasa. Na buɗe ƙoshiya, kwarkwaron fayau.

Na juyo rigar. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, zaren ya tashi ɓul-ɓul a kan yadin, reshena na fuskantar nasa kamar tare aka yi su. Amma ganyen ƙarshe, na daidai ƙirji, rabi ne. Abin da ya rage bai kai takin da na ɓata ba.

"Kaka," na ce, sunan da na manta rabon da in kira ta da shi, "zaren ya ƙare. Ni na ɓata shi. Ki yafe mini."

Ta shafa wurin. Ta sake shafawa.

"Ka gama kukan?"

Ta kwance bakin zaninta, ta fito da wata 'yar takarda da ta yi laushi don tsufa, ta warware. Allura ce doguwa, ta ɗan yi baƙi, da koren zare a kafarta. Ta ce a wuyan rigar ta same ta a soke ranar da ya kwanta, yadda ya bar ta da niyyar dawowa bayan la'asar. Ita ta zare ta ajiye daban.

"Kina da wannan kika bar ni ina zufa?"

"Da na ba ka tun Litinin da ta zama ta takwas."

"Ban iya aikin hannu ba, Tsohuwa."

"Rabin ganye ne. Shekara hamsin ina zaune gefen mai yi, in ban iya ba ai na iya faɗa. Taso bakin ƙofa."

Muka koma bakin ƙofa inda sauran rana take. Ta miƙar da wuyan rigar tsakanin hannayenta, tana gaya mini inda zan soka da inda zan fito. Na soki yatsana sau biyu, ta ce in kiyaye jinin rago ya taɓa farar riga. Ɗinki goma sha huɗu ne, na ƙirga, kuma sun fi ɗaukar mini lokaci a kan ganye uku na keke. Zaren ya kai, har da ɗan abin ƙullewa.

Ta ɗaga rigar ta kai dab da idonta na dama, ta karkata kai tana neman haske. Ta bi reshen hagu, ta bi na dama, ta tsaya a ganyen ƙarshe.

"Wannan na gwani. Wannan na keke. Wannan ganyen kuma kamar akuya ta tauna."

"Amma kina gani?"

"Kore ne," in ji ta a hankali. "Ina ganinsa."

Na juya baya ina neman leda, don kada ta ga fuskata, na manta ba za ta gani ba ko na tsaya. Na fara ninke rigar, ta buge mini hannu da sanda. Ta ce in ta mayar da ita akwati, nan da 'yan watanni shafawa kawai za ta riƙa yi a duhu. In saka ta, ta gan ta a jikin mutum.

Na zura rigar a kan kayan aikina. Hannun ya rufe mini yatsu, kafaɗun suka zubo.

"Ta yi maka yawa," in ji ta. "Ya fi ka kafaɗa, ya fi ka kyau, ya fi ka hannu."

"To me ya rage mini?"

"Kai ne ka rage mini."

Wannan karon ta kayar da ni. Kafaɗunta suka soma rawar dariyar nan tata. Ta laluba wuyan rigar, ta soke allurar a gefen ganyen da akuya ta tauna, ta ce in riƙe, amma in na karya wannan ta sake ni. Sannan ta miƙo hannu in tashe ta, na rufe shagon ko shara ban yi ba, na raka ta gida a cikin rigar.