Mista Prowse Ya Share Daji

A duk gaɓar kudu babu masanin daji irin Mista Desmond Prowse, shugaban gandun dajin garinmu. Shekara goma sha tara yana riƙe da gandun, farar rigarsa ba ta taɓa haɗuwa da ƙaya ba. Ma'aikata na kiransa Uban Itace, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Sai gobarar Janairu ta zo, irin mai cin bishiya har ƙoli, ta bar gandun baƙi ƙirin. Ga shi a Satumba kwamiti zai zo daga Perth, babban birnin jiharmu, ya duba ko za a bar masa kujerarsa. Hankalin Uban Itace ya tashi, amma ba don bishiyoyi ba.

Ya tara ma'aikata ya gyara murya. "Daji ya kwanta ciwo, ni ne likitansa. A sare ƙonannun kututturan nan, a kwashe toka. Ba zan nuna wa manya murhu ba."

Anti Noeleen Garlett, tsohuwar ma'aikaciya da kakanninta suka san wutar dajin nan tun ba a kafa Perth ba, ta ajiye kofin shayinta.

"Desmond, rabu da tokar nan. Itacen bankisiya ba ya buɗe ƙwallonsa sai wuta ta gasa shi. Irin da ya ɓoye shekara ashirin yana cikin abin da za ka share."

"Mista Prowse," ya gyara mata. "Takardar shaidata ba ta faɗi haka ba."

Don ya koya mata hankali, ya raba gandun biyu: gabas nasa, yamma nata. Katafila ta yi wata guda tana kankare gabas har ya fi ofishinsa tsafta. A bakin yamma kuwa ya kafa allo da manyan baƙaƙe, don kunya ta ishe ta: "Ɓangaren Noeleen Garlett. Ba ta ɗaga ko tsinke ba." Ruwan Yuli ya sauko ya kwashe ƙasar gabas ya kai rafi. Yamma kam bai ƙara leƙawa ba, wa zai ɓata takalmi?

Ran zuwan kwamiti ya jera su a gabas, ya yi jawabin minti arba'in a kan jar ƙasa tsirara. Shugabar kwamitin ta tambaya ko filin ajiye motoci ne.

Ya ja su yamma don su ga sakaci da idonsu. Suka tarar da tsiro kore shar, ba inda za a sa ƙafa, furanni sun cika gindin ƙonannun kututtura, baƙaƙen aku suna leƙowa daga kogunansu.

"Wa ya yi hikimar barin nan haka?" in ji shugabar.

Uban Itace ya dafa ƙirji, ya buɗe baki.

"Bari, Mista Prowse," ta ce, tana kwafar sunan da ke allon. "Ai ka riga ka rubuta mana."