Ranar Da Na Gwada Hancin Amarya

Ko me zan manta a duniya, ban da bikin ƙanwata Luba a Gummi. Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro allura.

A makon bikin aka koya mana cewa ido kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen gane ciwon shawara. Aka ba mu wata 'yar roba mai layukan ruwan ɗorawa, daga mai haske zuwa mai duhu. Za ka danna ta a hancin jariri ka ga layin da fatarsa ta yi daidai da shi (jariri fa aka ce, ni ce na ƙara da manya).

Na iso ranar kai amarya. Luba ta yaye mayafi ta rungume ni, sai na ga fuskarta ta yi ruwan ɗorawa sosai. Maimakon in rungume ta, na zaro robata na danna mata a hanci, gaban dangin ango da suka zo daga Zugu. Layin ƙarshe!

"Inna, a dakata da tahiyag ga! Hantarta ta taɓu, sai asibiti!"

Uwar ango ta fara laluben takalmanta, Luba ta fashe da kuka.

Inna ta jiƙa bakin zanenta ta goge kumatun Luba, zane ya koma ɗorawa.

"Ke ɗiyag ga, mi ya same ki? Kurkum na munka shahwa mata na gyaran jiki. Ke ma ba da ke anka daka shi bikin 'yar'uwarku Kulu ba?"

Da ni aka daka, wallahi. Ko farin idonta ban duba ba.

Dariyar da aka yi har ƙofar gida. Na shige ɗakin hatsi na ƙi fitowa. Ina jin Luba tana "Ina Yaya? Ku kira min Yaya," har baburan kai amarya suka tashi da ita. Kunya ta hana ni raka ta.

Yanzu hanyar Zugu ba ta biyuwa yadda ake so saboda rashin tsaro. Sai dai waya, in an samu sabis. Ta haihu sau biyu, ban ga ko ɗaya ba, kuma kewarta na damuna ƙwarai.

Na dai koyi darasi: kafin ka gwada fatar mutum, tambayi abin da ya shafa. In kuma ƙanwarka ce ta buɗe maka hannu, rungume ta tukuna, awo ya jira.